JIRGI YA SAUKA KWANDARE, DOYA TANA JIRAN MOTA

Ran 24 ga watan Fabrairu na 2022, Shugaban Ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya ziyarci Lafiya, hedkwatar Jihar Nasarawa, inda ya buɗe sabon filin jirgin sama da aka gina a Kwandare, 'yar tafiya kaɗan daga cikin gari. Gwamna Umaru Tanko Al-Makura shi ya ɗora harsashin aikin, wanda ya gaje shi kuma, Gwamna Abdullahi Sule, ya kammala. Tun ran da aka fara maganarsa an ce filin na ɗaukar kaya ne, watau ana sa ran wata rana amfanin gonar wannan yanki zai riƙa tashi daga nan zuwa manyan kasuwannin duniya.

To, amma duk wanda ya kama hanyar Makurɗi ya tsaya Agyaragu da kaka, wani abu dabam zai gani. Zai ga an jera doya ƙwarya-ƙwarya, watau ɗari-ɗari, dillalai suna ta ciniki, 'yan dako suna miƙa ta hannu da hannu zuwa cikin manyan motoci masu zuwa Legas da Anaca da Kano. Doyar nan da garma aka yi mata kunya, da hannu aka tono ta, a ka ko a bayan babur aka fito da ita daga gona, kuma a mota za ta ƙarasa tafiyarta.

Daga Kwandare zuwa Agyaragu bai kai tafiyar awa guda a mota ba. Duk da haka tambayar da ke tsakaninsu babba ce: me jirgin sama zai ƙara wa mai garma, kuma me zai iya raba shi da shi? Kafin a amsa, ya kamata mai karatu ya ji labari biyu. Na farko, yadda aka yi har duniya ta amince da jirgin jet. Na biyu, abin da ya sami manoman wasu tsibirai da ake kira Hawai bayan da jirgin ya fara sauka ƙasarsu.

SAI AN GWADA AKAN SAN NA ƘWARAI

Jirgin jet shi ne jirgin saman da ba shi da farfela. Injinsa yakan zuƙi iska ta gaba ya matse ta tamau, a fesa mata mai irin na kananzir a cinna wuta, sai iskar nan mai zafi ta fita ta baya da ƙarfin gaske ta ingiza jirgin gaba. Mutum biyu suka ƙago shi, kowa yana aikinsa dabam a ƙasarsa. Frank Whittle, wani hafsan sojan sama na Ingila, ya yi rajistar dabararsa tun cikin 1930, amma hukuma ta yi shekaru ba ta kula shi ba. Hans von Ohain na Jamus ya biyo baya, sai dai ya riga shi ganin injinsa a sama. Ran 27 ga watan Agusta na 1939, saura kwana 5 a fara Yaƙin Duniya na Biyu, wani matuƙi mai suna Erich Warsitz ya tashi da jirgin Heinkel He 178 kusa da garin Rostock, ya yi 'yan mintoci yana shawagi ya sauko lafiya.

Ingila ba ta tashi nata ba sai ran 15 ga watan Mayu na 1941, sa'ad da Gerry Sayer ya yi minti 17 a sama da jirgin Gloster mai injin Whittle a Cranwell. Amurka ta bi sahu cikin watan Oktoba na 1942 a wata hamada ta Kalifoniya. Saboda tsananin ɓoye sirri, in za a ja jirgin a ƙasa sai a maƙala masa farfelar katako a goshi, don duk wanda ya hango ya zaci irin wanda aka saba gani ne.

Aikin matuƙan gwaji shi ne su hau jirgin da ba wanda ya taɓa hawa. Yau a ƙara gudu kaɗan, gobe a ƙara nisa sama kaɗan, su dawo su gaya wa injiniyoyi inda ya yi rawa da inda ya ƙi jin linzami, a kwance a gyara, a sake tashi. Da yawa daga cikinsu ba su dawo ba. Ran 27 ga watan Satumba na 1946, Geoffrey de Havilland, ɗan mai kamfanin da ya ƙera jirgin, ya rasa ransa lokacin da jirgin gwajin da yake tuƙi ya wargaje a sama wajen bakin Kogin Thames.

TANKIN RUWA YA TONA ASIRI

Wannan kamfani na de Havilland shi ya ƙera Comet, jirgin jet na farko mai ɗaukar fasinja. An fara gwada shi ran 27 ga watan Yuli na 1949, sa'an nan ran 2 ga watan Mayu na 1952 ya ɗauki fasinja 36 daga Landan zuwa Johannesburg, ya kai cikin ƙasa da awa 24. Duniya ta yi ta mamaki. Ba a yi shekara 2 ba sai murna ta koma ciki. Ran 10 ga watan Janairu na 1954 wani Comet ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba na Italiya, mutum 35 suka mutu. Aka dakatar da jiragen, aka yi 'yan gyare-gyare, aka sake sakinsu. Ran 8 ga watan Afrilu wani ya sake tarwatsewa da mutum 21.

Daga nan ne masu bincike a Farnborough suka yi abin da ya kamata a yi sosai tun farko. Suka gina ƙaton tanki, suka sa gangar jikin wani Comet a ciki, suka cika da ruwa. Dalili kuwa, jirgin yana tafiya ne can sama inda iska ba ta isar mutum numfashi, don haka akan hura iska a cikinsa. Duk tashi jikinsa yakan ɗan kumbura, duk sauka ya ɗan saɓe. Sai suka riƙa ƙara matsin ruwa suna ragewa dare da rana, kowane zagaye a madadin tafiya guda. Da lissafi ya kai wajen tafiya 3,000, sai jikin ya tsage daga kusurwar wata kafa mai kama da taga. Ashe ƙarfe ma yana gajiya, kamar wayar da yaro ke lanƙwasawa yana miƙewa har ta karye.

Aka ƙara kaurin jiki, aka daina yin taga mai kusurwa, kamfanonin duniya duka suka ɗauki darasi. Cikin watan Oktoba na 1958 sabon Comet da jirgin Boeing 707 na Amurka suka fara ƙetare Tekun Atlantika da fasinja. Amincin da maniyyaci yake samu a yau, in ya tashi daga Kano ko Abuja ya sauka Jidda cikin 'yan awoyi a hanyar da kakanninsa suka yi wata da watanni suna takawa, da wannan gwaji da rayukan waɗancan mutane aka saye shi.

JIRGI A SARARIN BINUWAI

A ƙasar nan, jiragen farko sun iso Kano ran 1 ga watan Nuwamba na 1925. Guda 3 ne na sojan saman Ingila, masu farfela, daga Masar suka taso. Jiragen yaƙi na jet kuwa yaƙin basasa ne ya kawo su, don cikin 1967 aka sauke jiragen MiG-17 ƙirar Rasha a Kano. Daga baya Makurɗi, wadda ke kimanin mil 60 kudu da Lafiya, ta zama gidan jiragen yaƙin Nijeriya. Nan aka ajiye MiG-21 waɗanda suka fara isowa cikin 1975, da Jaguar na 1984, nan ne kuma aka ƙaddamar da JF-17 guda 3 daga Pakistan cikin watan Mayu na 2021. Saboda haka manoman wannan kwari sun daɗe da sanin rugugin jet, ko da yake bai taɓa ɗaukar musu ko saiwar doya ɗaya ba.

Ƙasar Doma, maƙwabciyar Lafiya, ta ga fuskar jirgi iri biyu. A Rukubi kamfanin Olam ya buɗe babbar gonar shinkafa, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da injin casarta cikin 2014, har aka kawo ƙaramin jirgi mai watsa iri daga sama. A wannan yanki ne kuma, cikin watan Janairu na 2023, wani hari da aka kai daga sama ya hallaka makiyaya suna cikin sauke shanunsu daga motoci. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga mutum 39, Rundunar Sojan Sama kuma ta amsa daga baya cewa ita ta kai harin, ta ce 'yan ta'adda aka nufa.

In aka duba tarihi, abin da ya taɓa ɗaga kasuwar Lafiya a ƙasa yake tafiya. Garin da Muhammadu Dunama da jama'arsa Barebari suka kafa ya yi suna ne a zamanin Sarki Muhammadu Agwai, daga 1881 zuwa 1903, lokacin da aka buɗe hanyar fatake zuwa Loko a bakin Binuwai. Sa'an nan cikin shekarun 1920 layin dogo daga Fatakwal ya ratsa ta garin ya wuce Kafanchan, ya zama hanyar fitar da riɗi. Cikin 1977 kuma Bankin Duniya ya amince da shirin raya aikin gona na Lafiya, wanda ya biyo bayan na Funtuwa da Gusau da Gombe, aka sa gaba wajen hanyoyin karkara da taki da ingantaccen iri. Jirgin ƙasa dai ya daɗe da daina zirga-zirgar da ya saba, nauyin duka ya koma kan mota.

SHI MA MAI GARMA GWAJI YAKE YI

Akwai masu ganin noman gargajiya kamar aikin da ba ilmi a cikinsa. Wanda ya zauna da manoman doya na Alago da Eggon da Migili da Gwandara da Tibi ba zai faɗi haka ba. Noman doya aiki ne mai ƙa'ida, kuma kowace ƙa'ida sai da wani ya yi asara kafin a gano ta.

Da damina ta ja baya, tun ƙasa tana da sauran laushi, manomi yake tayar da kunya, sau da yawa da gayya, matasa suna jere kowa da garmarsa. Yakan yi kunyar da tsayi don saiwa ta sami inda za ta nutsa ba tare da ruwa ya kwanta mata ba. In ya binne iri sai ya ɗora wa kunyar hular ciyawa ya danne da ƙasa, don kada zafin bazara ya dafa irin kafin ruwa ya sauka. In ta tsiro ya kafa mata sanda ta hau ta sha rana. A gefen kunya yakan jefa agushi ko masara ko kuɓewa, ganyen agushi ya rufe ƙasa ya danne ciyawa, iyali kuma su sami abin kaiwa baki kafin doya ta nuna.

Wajen tsakiyar damina wasu sukan tona gefen kunya a hankali, su yanke doyar su bar kanta a ƙasa su mayar da turɓaya. Wannan kai da aka bari shi zai sake yin ƙananan 'ya'ya, su ne irin baɗi. Ba ƙaramin abu ba ne, don iri shi ne mafi tsada a noman doya. Manomi yakan ware har kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya samu don shuka. Wannan ne ya sa cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike da ta IITA a Ibadan suka fito da dabarar yanka doya ƙanana-ƙanana don yawaita iri, tun farkon shekarun 1980.

Haka kuma manomi ba ya yarda da sabon iri don an yabe shi a rediyo. Yakan ba shi 'yan kunyoyi a gefen gona, ya ga yadda zai yi da fari, da ƙwaro, da ajiya a rumbu, da turmi in an zo kirɓa sakwara. In ya ci jarrabawa shekara biyu ko uku, sa'an nan ya shigar da shi tsakiyar gona. Da irin wannan haƙuri ne Nijeriya ta zama mai noma kimanin kashi biyu cikin uku na doyar duniya duka.

MANOMAN GWAZA A TSAKIYAR TEKU

Yanzu sai labari na biyu. Hawai tsibirai ne a tsakiyar Tekun Pasifik, kimanin mil 2,400 daga gaɓar Amurka. Mutanen farko sun isa can ne cikin kwale-kwale wajen shekara 1,000 da suka wuce, ɗauke da irin shukarsu. Babban abincinsu gwaza ce, wadda suke kira kalo. Sukan dafa ta su kirɓa, kusan yadda ake kirɓa sakwara, su sassauta da ruwa, su kira abin poi. A tatsuniyarsu ta asali gwaza yayan ɗan Adam ce, ita aka fara haifa, don haka wajibi ne ƙane ya kula da yayansa, yaya kuma ya ciyar da ƙane.

Sun raba kowane tsibiri yanki-yanki, kowane yanki ya taso daga kan dutse ya gangaro har bakin teku, domin jama'ar cikinsa su sami itace da ruwa da gona da kifi. Sukan tare gefen rafi su ja ruwa ta lambatu zuwa fadamun da suka gina hawa-hawa. Ruwa ya ratsa fadamar wannan ya zuba ta wancan, daga ƙarshe ya koma rafi ya gangara tafkunan kiwon kifi. Akwai wakilin sarki mai rabon ruwa, wanda ake kira konohiki, kuma wanda bai fito aikin gyaran lambatu ba ba shi da bakin neman ruwa. Kamar manomin Lafiya, su ma kan gwazar suke yankewa su sake dasawa, kuma suna da gayyarsu. A harshensu ruwa shi ne wai, dukiya kuwa waiwai.

Turawa sun iso cikin 1778 tare da Kyaftin Cook, cututtukan da suka biyo su kuma suka yi wa jama'a mummunar ɓarna, har ƙidayar 1896 ta nuna 'yan asalin ƙasar ba su kai 40,000 ba. Cikin 1848 aka raba ƙasa aka mai da ita abin saye da sayarwa da takarda, cikin 1850 kuma aka yarda baƙi su mallaka. Talakawa masu noman fadamun, waɗanda yawancinsu ba su gane kan takardun ba, abin da ya zo hannunsu bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar ba. Masu gonakin rake suka mamaye filaye, suka haƙa ramuka cikin duwatsu suka karkatar da rafuka zuwa gonakinsu. Cikin 1893 aka tumɓuke Sarauniya Liliuokalani, cikin 1898 Amurka ta haɗiye ƙasar.

RAN DA JET YA SAUKA HONOLULU

Ke nan ba jirgi ne ya fara raba manomin Hawai da gonarsa ba. Abin da jirgi ya yi shi ne ya tsauwala wa ƙasa kuɗi. Cikin 1959, shekarar da Hawai ta zama jiha ta 50 a Amurka, jiragen jet suka fara sauka Honolulu. Tafiyar da jirgin ruwa ke yi cikin kwana 4 zuwa 5 ta koma ta awa 5. A shekarar nan baƙi masu yawon buɗe ido ba su kai 250,000 ba. Cikin 1967 suka kai miliyan 1, cikin 2019 suka haura miliyan 10. Unguwar Waikiki, wadda a da fadamun gwaza da shinkafa da tafkunan kifi ne kafin a janye ruwanta cikin shekarun 1920, ta cika da dogayen otal-otal.

Kuɗi sun shigo, aikin yi ya samu, wannan ba mai musu. Amma duk kwarin da ke kusa da birni sai masu gine-gine suka sa masa ido. Cikin 1971 aka kama fiye da mutum 30 a Kwarin Kalama don sun ƙi yarda a tashi manoma da masu kiwo. A Waiahole da Waikane kuwa manoma suka haɗa kai, har cikin watan Janairu na 1977 suka tare babbar hanya da dare don hana a fitar da su. Gwamna George Ariyoshi ya sa gwamnatin jiha ta sayi eka 600 na kwarin, aka bar manoma a gonakinsu. Shari'ar ruwan wannan kwari, wanda aka karkatar tun 1916, ba ta kai gaci ba sai cikin 2000, lokacin da Kotun Ƙolin jihar ta yanke cewa ruwa amana ce ta jama'a a hannun hukuma. Akwai kuma tsibirin Kahoolawe da sojan Amurka suka mayar wurin koyon jefa bom tun 1941, ba a daina ba sai 1990, bayan doguwar gwagwarmaya.

Ina aka kwana? Kamfanin sukari na ƙarshe ya rufe cikin 2016. Ƙasar da ta ciyar da kanta ɗaruruwan shekaru ba tare da taimakon kowa ba, yanzu kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na abincinta daga waje ake kawowa, gonakin gwazar da suka rage kuwa ba su kai eka 1,000 ba. Da annobar korona ta tsayar da jirage cikin 2020, fiye da ma'aikaci 1 cikin 5 ya rasa aiki a wata guda. Matasan Hawai da dama sun koma suna share tsofaffin fadamun kakanninsu suna gyara lambatu, amma gonar da aka zuba wa kankare ba ta dawowa.

ABIN DA YA CI DOMA BA YA BARIN AWE

Lafiya ba tsibiri ba ce, ba kuma ta jiran baƙi miliyan 10. Amma karin maganar nan ta Doma da Awe a wannan ƙasa aka haife ta, kuma ta dace da zancen. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa ran 1 ga watan Oktoba na 1996, Lafiya take faɗaɗa. Ga sakatariya, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa cikin 2011, ga tagwayen hanya daga Keffi zuwa Makurɗi, ga filin jirgi. Kowanne alheri ne, kowanne kuma ƙasa yake ci, gonakin bakin gari suna komawa fulotai. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun Gwamna, kuma in hukuma ta karɓi gona don amfanin jama'a, diyyar shuka da gini ake biya, ba ta ƙasar kanta ba. Yawancin manoma kuwa gadon kakanni suke nomawa, shaidarsu ita ce dagaci da maƙwabta, kamar dai talakan Hawai na 1848.

Sa'an nan ita doya kaya ce mai nauyi, kusan kashi biyu cikin uku nata ruwa ne, kuɗin jirgin sama kuwa da awo ake biya. Abin da jirgi ya fi ɗauka shi ne kaya marar nauyi, mai tsada, mai saurin lalacewa, irin furannin da Kenya take aikawa Turai. Riɗin Nasarawa da ake sayarwa Japan da Sin da Turkiyya ta jirgin ruwa yake fita. Ko ta ruwan ma sai da shiri. Cikin watan Yuni na 2017 Ministan Aikin Gona, Cif Audu Ogbeh, ya ƙaddamar da fitar da tan 72 na doya zuwa Ingila da Amurka, daga baya rahotanni suka zo cewa wani kaso ya ruɓe kafin ya kai hannun masu saye. Cikin 2015 kuma Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Gana, wadda ba ta kama ƙafar Nijeriya a yawan noman doya ba, ita ce kan gaba wajen fitar da ita, domin ta daɗe da koyon zaɓe da awo da shiryawa cikin kwali.

Wannan ba ya nufin filin Kwandare ba shi da rana. Ranarsa tana zuwa ne in an bi hanyar da matuƙan gwaji suka bi, wadda shi ma mai garma yake bi. A fara da kaɗan. A ɗauki ƙungiyar manoma ɗaya da kaya iri ɗaya, ko barkono ko mangwaro ko garin doya, a bi shi daga gona har hannun mai saye, a ga inda ya lalace da inda kuɗi suka zube, a gyara, a sake. Kafin nan akwai ayyukan da ba su da kwarjinin jirgi amma sai da su: hanyar da mota za ta shiga ƙauye da damina, rumbun ajiya mai iska, ɗakin sanyi mai wutar da ba ta yankewa, da ɗakin awon da zai tabbatar kaya ba su da guba. Ya kamata kuma hukuma da masarauta su shata fadamu da gonaki masu kyau da ba za a yanka fuloti a cikinsu ba, a sauƙaƙa wa manomi samun takardar gonarsa, kuma a kira shi zaman shawara tun ana zanen taswira, ba ran biyan diyya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Injiniyoyin Farnborough sun sami tankin ruwa da za su gwada jirgi a ciki har ya fashe ba tare da an rasa rai ba. Ƙasar noma ba ta da irin wannan tanki, in an yi kuskure da ita a jikin mutane ake gani. Bana ma, da ruwa ya ɗauke, manoman Agyaragu da Assakio da Kwandare za su wasa garma su fita tayar da kunya. In jirgi ya wuce za su ɗaga kai su dube shi, sa'an nan su sake duƙawa, don irin baɗi ba ya jira.